Agogon da Cima Ta Aiko

Cima ta aiko mini agogo daga Yamai,
baƙi wuluk, fuskarsa kamar ruwan rijiya.
Ta ce, "Baba, likita ya ce sukari ya hau.
Wannan zai ƙirga takunka, dubu goma kullum,
ni kuma ina gani a wayata."
Na ce to.
Wa zai yi musu da 'yar da ta biya kuɗin asibiti?

Ranar farko ban bar rumfa ba.
Ina zaune kan buzuna a Birni,
ina bugun jar fatar akuya,
ina huda da basilla, ina jan zare har kunne.
La'asar sakaliya abin ya girgiza a wuyan hannuna:
dubu goma sha ɗaya.
Cima ta kira, murya duk fara'a,
"Baba, ina ka je haka?"
Na dubi ƙafafuna da suka yi tsami don zama,
na ce, "Nan kusa."

Ran Laraba famfon unguwa ya ƙafe, yadda ya saba,
zazzaɓi kuma ya kwantar da Ma'azu mai kura.
Na ari kurarsa, jarka shida,
na tura har bayan duwatsu, na turo ta gida,
hannu biyu kan ƙarfe, gumi har cikin ido.
Na duba: ɗari uku da bakwai.
Ashe ba ƙafa yake kallo ba,
lilon hannu yake saurare.
Hannun da ya riƙe kaya, a wurinsa, mai shi barci yake.

Barira ta ɗaura shi don tsokana,
ta surfa gero turmi uku,
ya ce ta kama hanyar Mirya.
Ta ajiye taɓarya tana dariya:
"Shekara talatin ina fatauci a tsakar gidan nan,
ba wanda ya taɓa yi mini sannu da zuwa."
Kabu-kabu ma, daga Kasuwar Dole zuwa ƙofata,
kowane rami taku ashirin ne,
in sauka da ladan noman da ban yi ba.

Sai ranar da Iliyasu ya rasu,
wanda muka koyi yankan fata da wuƙa ɗaya.
Makara a kafaɗa, hannun hagu na tallafe da ita.
Aka ce in kawo a karɓe ni, na ƙi.
Daga zaurensu zuwa makwancinsa
na san kowane taku,
inda yashi ya ja ni, inda dutse ya tuntuɓe ni,
inda gwiwa ta ce ba za ta iya ba, ta kuma iya.
Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba.
Da dare saƙo ya shigo:
"Baba, lafiya? Yau ba ka motsa ba."

Ban ba ta amsa ba sai da safe.

Ni baduku ne, na iya karatun takalmi.
Miƙo mini naka in gaya maka
ko kai mai sauri ne, ko mai jan ƙafa,
ko akwai nauyin da kake ɗauka a ɓangare guda.
Nawa ga shi, diddigen hagu ya cinye,
bai taɓa ƙara mini ko taku ɗaya ba.

Duk da haka ban cire agogon ba.
In lamba ta motsa a can Yamai,
Cima ta san tsohon yana nan, ta yi barci.
Ran Juma'a dai nakan kifa takalmin a ƙasa,
in sa jikana ya ɗauki hotonsa,
in ce ya tura mata,
ta haɗa da nata lissafin.